Ranar da Wayar Inna Ta Shiga Gulbi

Yayana ne ya sayo wa Inna babbar waya, a wata ƙaramar salla da ya zo gida Argungu daga Abuja, inda yake aiki. Kafin nan wata 'yar ƙarama take riƙewa mai tocila a ka, wadda ta ɗaure da roba saboda murfin batir ya daina zama. Ba ta taɓa kuka da ita ba. Amma Yaya ya ce yana son ta riƙa ganin jikokinta suna motsi suna magana, wannan kuwa hujja ce da Inna ba za ta iya ja da ita ba.

Ni ina koyarwa a Birnin Kebbi, na zo hutun salla ni ma. Ina zaune kusa da shi a gindin darbejiyar tsakar gida lokacin da yake saita wayar. Ya sa mata lambobin dangi, ya ƙara girman rubutu, ya sa hoton 'ya'yansa a fuskar wayar. Sai ya waiga ya ga Inna ta shiga madafa, ya rage murya.

"Kin ga wannan?" Ya nuna mini taswira a tasa wayar, da wani ɗigo shuɗi a kan unguwarmu. "Inna ke nan. Duk inda ta je da wayar zan gani. Kada ki gaya mata."

Na ce, "Yaya, in ta gane fa?"

"Ina za ta gane? Ai don lafiyarta ne."

Yana da dalilinsa. A shekarar likita ya ce jininta ya hau, gwiwarta ta dama kuma tana kumbura, ya ce ta rage yawo. Ita kuwa tana da gonar shinkafa a fadama wadda mahaifinmu ya bari. Akwai masu yi mata aiki, amma a wurinta gonar da ba ta gani da idonta ba tamkar ba a nome ta ba ne. Ga shi kuma Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan na Abuja", kuma in ya kira ya tambayi lafiyarta, ko tana kwance ba ta iya tashi, amsarta ɗaya ce: lafiya lau. Na auna wannan duka, na ja bakina na yi shiru.

Makonnin farko Inna ta ji daɗin wayar fiye da yadda kowa ya zata. Ta koyi tura saƙon murya. Takan fara da sallama, ta gaida mutum, ta gaida iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan dakata kamar tana jiran amsa, sannan ta shiga maganar da ta kawo ta. Ta ɗauki hoton akuyarta da ta haifi tagwaye ta aika wa duk wanda ke cikin wayar, har da likitan.

Sai damina ta kankama. Wata safiya ta hau kabu-kabu ta tafi fadama. Tana zaune a bakin gona ta miƙe ƙafa tana kallon masu cire ciyawa, waya ta yi ƙara.

"Inna, ina kwana. Ba likita ya hana ki zuwa fadama ba?"

Ta ce ta waiga gabas ta waiga yamma, babu kowa sai ma'aikatan da balbelu. "Wa yac ce ma ina fadama?"

Yaya ya yi dariya ya ce shi ma yana da masu kawo masa labari.

Bayan kwana huɗu ta shiga mota zuwa Augie gaida gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu da ke aure can. Ko ruwa ba ta gama sha ba ya kira, ya ce a gaishe masa da Gwaggo. Ranar kasuwa ma haka, ta tsaya gun masu kifi ke nan ya ce ta koma gida rana ta yi zafi.

Da daddare ba ta kira ni ba, sai da safe ina shirin fita makaranta. Muryarta ta yi ƙasa, irin ta wanda ya gano wani babban abu.

"Ɗiyata, akwai mai kai rahotona. Kuma na san ko wa ce."

Na ce, "Wa, Inna?"

"Matar masunci mana. Wa ka ganin hitata da shigata in ba ita ba?"

Matar masunci maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Katangar tana da wani wuri da ruwa ya zaftare tun muna yara, ba a kuma taɓa gyara shi ba, domin ta nan suke miƙa wa juna wuta da gishiri da labari. Ita ta yi wa Inna wankan jego lokacin da aka haife ni. In mijinta ya dawo daga gulbi, kason kifinmu ta wannan giɓin yake ƙetarowa, in Inna ta turara shinkafa ita ma kwanon farko can yake zuwa.

Na ce, "Inna, ina ma ta samu lambar Yaya?"

"Mai son gulma ba ya rasa lamba."

Daga nan gaisuwarsu ta gajarce. Kwanon shinkafa ya daina ƙetarawa. Baiwar Allah ta rasa laifin da ta yi, har ta kira ni tana tambaya ko wani abu ya samu Inna. Na ce mata ciwon gwiwa ne yake sa ta ɓacin rai. Na kira Yaya na gaya masa abin da ke faruwa, ya ce in bari, za su shirya, tsofaffi ne. Har yau in na tuna ina jin kunya, domin kalma ɗaya daga bakina da ta kashe maganar.

Inna kuwa ba ta zauna ba. Ta shirya gwaji. Ta jira matar masunci ta tafi gidan suna a wata unguwa, ta ari mayafin da ba a san ta da shi ba, ta fita ta ƙofar baya inda ake fitar da awaki. Tana isa fadama waya ta yi ƙara. Da ta ba ni labari ta ce, "To ko dai matar nan tana da aljanu, ko kuwa na zalunce ta." Na ji a muryarta cewa na biyun ya fi damunta.

Ana cikin haka lokacin komawarta asibiti ya yi, ta zo Birnin Kebbi ta sauka wurina. Bayan mun ga likita ta ce in kai ta gun mai gyara, wayar ta fara nauyi, kullum tana rubuto mata abin da ba ta iya karantawa, hoto ma ta ƙi ɗauka. Na kai ta wani shago a unguwar Nasarawa inda nake kai tawa. Mai shagon Bayarabe ne, amma a unguwar aka haife shi, in yana magana ba ka ganinsa sai ka rantse daga ƙauyen Zauro ya fito. Ya ba Inna kujerarsa, ya karɓi wayar da hannu biyu.

"Mama, ba ta lalace ba. Cika tay yi. Kamar ɗaki na, an zuba kaya har bakin ƙohwa."

"Wane kaya? Ni hoton akuya nas sa, sai na jikoki."

Ya juyo mata da fuskar wayar yana nunawa. Wannan ta wasa ce, wannan ta kallon ƙwallo, wannan ta sayayya, wannan ta labaran ƙasashen waje. Ya ce yawancinsu da su wayar ta zo daga kamfani, wasu kuma su suka shigo da kansu lokacin da wayar ta sabunta kanta.

"To hid da su duka."

"Wasu za su hita, Mama. Wasu ba a ba mu ikon cire su ba. Sai dai in kwantar da su, su yi barci."

Inna ta dube shi, ta dube ni. "Wagga waya, saye anka yi ko aro?"

Shagon ya fashe da dariya. Akwai mutum uku da ke jiran nasu gyaran, kuma maganar ta sosa wa kowa inda yake masa ƙaiƙayi. Wani dattijo manomi ya zaro ƙaramar waya irin tsohuwar ta Inna ya ɗaga sama, ya ce shi ya sa ya ƙi rabuwa da wannan, in ya kashe ta ta mutu, in ya kunna ta tashi, ba ta taɓa yin wani abu a bayan idonsa ba. Wata mai sayar da atamfa ta ce ita abin da ya fi ba ta haushi, ta kwana da waya ta san inda komai yake, gari ya waye an sauya wa kowane maɓalli wuri, kamar wani ya shiga ɗakinta ya jera mata kwanuka yadda yake so. Na ukun wani ma'aikacin gwamnati ne mai biro uku a aljihu. Ya ce su dai ba sa son ci gaba, sabuntawar nan ita ke toshe ƙofofin da ɓarayi ke shigowa. Mai shago ya ce a nan yana da gaskiya, amma da za a riƙa sallama kafin a shigo da ya fi.

Yana cikin sharewa ya buɗe wata manhajar tocila, ya nuna wa Inna cewa tana neman izinin ganin lambobin da ke wayar.

"Tocila? Mi tocila za ta yi da sunayen dangina? Haska su za ta yi?"

Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, wanda ba shi da abin ɓoyo ai ba ya damuwa da wannan."

Mai atamfa ta ce, "Malam, ƙofar ɗakinka akwai labule?"

"Akwai."

"Mi kake ɓoyo?"

Shi ma ya yi dariya ya ce wannan daban. Dattijon ya ce ba wani daban.

Ina cikin dariyar na ga mai shago ya tsaya cak. Ya ƙura wa wayar ido, ya ɗan sosa ƙeya.

"Mama, kin san wagga waya tana gaya ma wani duk inda kika tahi?"

Ya juyo da ita. Ga taswira, ga ɗigo shuɗi a kan Nasarawa, ga kuma ƙaramin hoton Yaya a gefe da hularsa ta ranar salla, yana murmushi.

Inna ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta tambayi mai shago komai ba, ni ta juyo ta kalla.

"Kin sani?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ta gyaɗa kai kawai. Mai shago ya ce bari ya kashe abin yanzu, aikin daƙiƙa ɗaya ne. Ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi tukun, ɗana. Gwada man inda aka kashe shi da inda aka kunnawa."

Ya nuna mata. Ta sa yatsa ta kashe, ta kunna, ta kashe, ta kunna, sau uku, har ta tabbata hannunta ya riƙe hanya. Ta bar shi a kunne, ta sa wayar a jaka, ta yi wa kowa sallama. Da muka isa gida ta ci tuwonta, ta yi salla, sannan ta ce ranar Juma'a in na tashi aiki zan raka ta Argungu. Ba tambayata ta yi ba.

Muna isa, ko mayafi ba ta cire ba ta auni shinkafa a babban kwano, ta ɗora mini a ka. Ba ta giɓin katanga muka bi ba, ta ƙofar gida muka zagaya, muka yi sallama kamar baƙi. Inna ta zauna a kan tabarma ta zayyane wa matar masunci komai, ba ta rage ko ɗaya ba, har da zargin aljanu. Ta ce, "Ƙawa, na ɗauki alhakinki. Ki yahe man."

Matar ta fara da share hawaye, ta ƙare da dariyar da ta sa ta riƙe ciki. "Ni? Ni da ko lambata ban riƙe a kai ba?" Sai ta nuna ni da baki. "Wagga kuma da nay yi ma wanka tana jaririya, ta bari ana ta gaba da ni?"

Na durƙusa na ba da haƙuri. Suka bar ni a durƙushe suka sa kai wuri ɗaya suna ƙus-ƙus. Da mijinta ya shigo suka kira shi, ya saurara yana shafa gemu, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Washegari da sassafe Inna ta naɗe wayar a leda uku, ta ɗaure bakin da zare, ta miƙa wa masuncin ta kan katanga. Ya jefa ta a aljihun taguwarsa, ya saɓi komarsa ta kamun kifi ya nufi gulbi. Ruwa ya cika a lokacin, har ya haura gonakin bakin gaɓa. Inna ta hura wuta ta ɗora tukunyar turara shinkafa, ta ce in zauna kusa da ita in ajiye wayata a inda za ta gani.

Hantsi bai gama ɗagawa ba wayata ta yi ƙara. Inna ta ce in buɗe murya kowa ya ji.

"Ke! Kina ina?" Yaya ko sallama bai yi ba. "Inna tana tsakiyar gulbi! Tsakiyar ruwa nake ganinta, kuma tana tafiya! Na kira sau biyar ba a ɗauka ba!"

Matar masunci ta leƙo ta katanga ta toshe baki da gefen zane. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni, don na ji yadda muryarsa ke rawa. Inna ma ta ji. Ta goge hannu ta karɓi wayar da sauri fiye da yadda ta shirya.

"Ga ni nan gida, ina turara shinkahwa. Kwantar da hankalinka."

Sai ya ce, "Inna? To wa ke cikin ruwa?"

"Wayarka ta. Ta tahi su. In ta kamo giwan ruwa za a aiko ma da kan kihin."

Matar masunci ta kasa riƙewa, ta saki dariya har awaki suka firgita. Muna jin Yaya yana sauke numfashi yana salati. Da ya natsu ya fara kame-kame, Inna ta katse shi. Ban taɓa jin ta yi masa doguwar magana irin ta ranar ba. Ta kawar da fuska gefe kamar yana gabanta, amma ba ta rage komai ba. Ta ce ta kusa ɓata zumuncin da ya girme shi saboda abin da ya ɗaura mata a ɓoye. Ta ce ko akuya aka sa wa ƙararrawa tana jin ƙararta a wuya, ita ko wannan ba a bar mata ba.

Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Tsoro nake ji. Ina nesa, in na tambaye ki kullum sai ki ce lafiya lau. Ina gudun ranar da za ki faɗi a fadama ba wanda ya sani."

Ta juya itace a murhu. Sannan ta ce, "Da ka tambaye ni."

"Da kin yarda?"

"Da na ƙi. Amma da ka sake tambaya."

A nan suka daidaita, ni ce shaida. In za ta yi nisa, Augie ko Birnin Kebbi ko fadama lokacin ruwa, ita da hannunta za ta kunna masa ya gani. In ta dawo ta kashe. Cikin gari kuwa, gidan biki da kasuwa da gidan gaisuwa, ba ruwansa. Shi kuma ya roƙi abu ɗaya, in ya tambayi gwiwa a gaya masa gaskiya. Ta ce za ta duba. Kafin ya ajiye ya ce a ba shi matar masunci, ya ba ta haƙuri da bakinsa, ta ce ta yafe amma in zai zo babbar salla kada ya manta ita ma tana sa atamfa.

Da azahar masunci ya dawo da wayar a bushe. Ya ce ta dame shi da rawa a aljihu har ya zaci kifi ne ya faɗa ciki. Ya kawo mana tarwaɗa biyu manya, Inna ta yi miyar da muka ci har da maƙwabta.

Ranar Lahadi ina haɗa kayana zan koma, ta kira ni ɗaki. Ta ce ta ga mai shago yana taɓa wasu lambobi kafin tasa wayar ta buɗe, ita ma irin wannan makullin take so. Na buɗe mata wurin, na ce ta zaɓi lamba huɗu da ba za ta manta ba, in so samu ta gaya mini don in riƙe mata.

Ta karɓi wayar ta ce, "Juya bayanki."

Na juya ina kallon bango. Ina jin ƙarar taɓawarta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙus-ƙus ita kaɗai. Na san wayar za ta nemi ta maimaita, na gaya mata ba tare da na waigo ba, ta maimaita. Da ta gama ta kulle ta buɗe sau biyu, ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta ce in yi sauri kada motar Birnin Kebbi ta cika ta bar ni.